Ranar da Na Kai Baba Ganin Bahar Maliya

Laraba: Alƙahira zuwa Gardaƙa

Kafin kiran assalatu muka fito daga gidan da nake haya a unguwar Hayyus Sabi' ta Alƙahira, inda nake karatu, ni da mahaifina. Baba ya zo Masar ne daga Gusau don a yi masa aikin ido, a bazarar 2014. Likita bai ɓoye mana ba: ana iya dacewa, ana kuma iya rasa ɗan ganin da ya rage. Da na tambaye shi abin da yake so kafin ranar aikin, sai ya ce Bahar Maliya. Shekara da shekaru yana karantar da ƙissar Annabi Musa da Fir'auna a zaure, bai taɓa ganin ruwan ba.

Tikitin tafiyar a wani ɗan ofishi na saya a unguwar Abbasiya. Na yi wa mutumin bayani dalla-dalla cewa dattijon malami zan kai. Ya dafa ƙirji ya ce tsibiri ne na a'ilat, wato na iyalai. A gidajen abincin Alƙahira in ka ga an rubuta haka, wurin kamun kai ne, inda magidanci ke zama da matarsa. Da wannan fahimtar na biya.

Bas ta tsaya a shingen sojoji kafin Za'farana. Mu kaɗai aka sauke, aka juya fasfo gaba da baya, aka tambaye mu ko 'yan Sudan ne. Daga nan hanya ta bi gefen teku. Na nuna wa Baba ta taga, ya ce hazo kawai yake gani. Idonsa ba ya kama abu sai yana dab da shi.

Bayan azahar muka isa Gardaƙa. Masaukinmu yana can cikin gari, bayan kasuwa. Da la'asar muka nemi bakin ruwa, ashe manyan otal-otal sun katange shi kaf. Duk ƙofar da muka je, mai gadi ya dubi babbar rigar Baba ya ce mamnu', an hana. Muka ci ful, dafaffen wakensu, da gurasa muka kwanta, Baba yana cewa ai gobe ma rana ce.

Alhamis: Tsibirin

Da hantsi muka shiga jirgin ruwa tare da Turawa. Ko igiya ba a gama kwancewa ba suka fara tuɓewa, maza da mata, abin da ya rage a jikinsu bai kai hankici ba. Nesa ce Baba ba ya gani, waɗannan kuwa gwiwarsu na gogar tasa. Ya ce a'uzubillahi a hankali, ya ja rawani ya rufe fuska. Haka muka yi tafiyar kusan awa guda.

Tsibirin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ruwa garau, kana hango kifi masu launi-launi a ƙasa. Amma an kewaye wurin da igiya, kuma duk inda ka juya mutum ne kwance ko tsaye a ruwa. Na roƙi mai jirgin ya zagaya da mu bayan tsibirin ko na ɗan lokaci. Ya ce ba shi da izini. Na ce an gaya mini wurin iyalai ne. Ya nuna wani Bature da matarsa da 'ya'yansu, ya ce, "To waɗannan mene ne? Ma'alish, yi haƙuri."

Na riƙe hannun Baba muka je ƙarshen igiya, inda na ga babu kowa. Na tsayar da shi ruwa na taɓa yatsunsa.

"Baba, ɗago yanzu. Ba kowa."

Yana ɗagowa wata mata ta ɓullo daga cikin ruwa a gabanmu, da gilashin nitso a fuska, har da ɗaga mana hannu. Baba ya sunkuyar da kai. Na yi magiya, na kawo masa duk fatawar da na koya a aji game da kallon da ba na ganganci ba. Ya bari na gama sannan ya ce, "Sanusi, idon da zan miƙa wa likita jibi, ba zan cika shi da wannan ba."

Sauran yinin a zaune ya yi shi, kansa a ƙasa, yana jan carbi. Aka kawo kifi da shinkafa, na kasa ci saboda baƙin ciki.

Juma'a: Komawa

Da magariba muka iso Alƙahira. Washegari aka yi aikin, kuma ba a dace ba.

Ina godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, da 'yan'uwa ɗalibai da suka yi ta zirga-zirgar asibiti. Mutumin Abbasiya kuwa, har yau in na bi ta ƙofarsa sai na ji zuciyata na tafasa.

Ranar da aka sallame mu, ɗalibai suka cika ɗaki gaisuwa. Wani ya tambayi Baba yadda ya ga Bahar Maliya. Ya juya fuskarsa wajen da muryar ta fito.

"Yashin wurin fari ne tas," in ji shi. "Shi kam na gan shi sosai."