Gurun Baba a Ɗakin Hoto

Shekarar da Baba ya zame cikin kwalekwale ya bugu a ƙugu, ita ce shekarar da aka kawo injin hoton ƙashi asibitin garinmu. Kafin nan, wanda duk likita ya ce a yi wa hoto sai ya sha doguwar tafiya a mota, ramukan hanya su ƙarasa abin da ciwo ya fara. Baba ya ce shi kam gara ya mutu bisa tabarmarsa. Mai ɗori ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa, ƙafa ta ƙi takuwa. Abu ɗaya ke cin kowa a gidanmu: tsohon masuncin nan zai sake shiga ruwa, ko shi ke nan?

A kasuwar kifi ta Yelwa na ji labarin injin. Wallahi ko gyalena ban tsaya gyarawa ba, na bar wa maƙwabciyata kwandon kifina, na haye kabu-kabu ina ce masa ya ƙara wuta. Washegari ni da yayana muka ciccibi Baba sai asibiti.

Kai, wuri ya canza! Inda a da muke tsugunne gindin darbejiya muna jiran kati, an yi rumfa da benci, har da fanka. Likita ya latsa ƙugun, ya tura mu ɗakin hoto tun rana ba ta yi zafi ba. Ni sai washe baki nake kamar ni na sayo injin.

A bakin ɗakin aka yi ta. Mai ɗaukar hoton ya ce a cire duk abin da ke ƙugu. Baba ya dafe gurunsa, ɗamarar fata mai layu da zobban ƙarfe da mahaifinsa ya ɗaura masa tun yana saurayi.

"Yaro, ɗauki hotonka hakanan," in ji Baba. "Wanga guru bai taɓa barin jikin masunci ba."

"Baba, ƙarfen zai rufe ƙashin, ba abin da za mu gani."

Na ce ya kawo in riƙe. Ya harare ni. Yayana, wanda tela ne, ya miƙa hannu, Baba ya ce tela mi ya sani da ruwa? Raina ya ɓaci, na ɗaga murya.

"Haba Baba! Ga ƙoshi ga kwanan yunwa? Inji ya biyo ka har gida, ka tsaya gardamar fata?"

Sai wani dattijo da ke kan benci, wanda tari ya kawo daga wajen Ngaski, ya taso ya ɗaga rigarsa. Ga nasa gurun, baƙi ƙirin don tsufa.

"Ɗan'uwa, kawo in ɗaura bisa nawa. Ba ya taɓa ƙasa."

Baba ya dubi kantar da ke tafin hannun mutumin, ya tambaye shi gaɓar da yake kamu. Sannan ya yi bisimilla ya kwance gurun ya miƙa masa.

Kafin dattijon ya gama mayar masa da kayansa, hoto ya fito a allo. Ga ƙashin Baba fari tas, da wani siririn layi kamar tsagar ƙwarya. Likita ya ce ƙashin bai rabu ba, a daina ja da murɗawa, ya fara bayanin kwanciya da sanda.

Baba ya katse shi. "Likita, faɗa mani guda. Ina tuƙi ko ba ni tuƙi?"

"In ka kwanta yadda na ce, za ka tuƙa, in Allah ya yarda."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, har wata nas ta leƙo ta ce, "Hajiya, nan asibiti ne fa!" Ko a jikina. Da na juyo, Baba ya jawo hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ran nan. Daga ƙarƙashin hular ya kira yayana.

"Ka tai bakin ruwa yau, ka jawo kwalekwalena inuwa. Kar rana ta tsaga mani shi kafin in tashi."