Kirsimetin Inna a Bakin Murhu

Ni tela ce, kuma duk wanda ya san tela ya san watan Disamba ba nata ba ne. A Birnin Kudu mu Kirista ba mu da yawa, amma kowa a cikinmu yana da 'ya'ya, kowane ɗa yana son sabuwar riga, ga ankon zumuntar matan coci, ga bukukuwan aure da maƙwabtanmu Musulmi ke jerawa da zarar an gama girbi. Shekara da shekaru ina shiga sujadar Kirsimeti da guntun zare a jikin zanina, idona jajur, ina gyangyaɗi tun ba a gama waƙar farko ba. Na taɓa farkawa a tsakiyar wa'azi na tarar ina taka ƙafa, a zatona ina kan keken ɗinki.

Amma ni ko ba komai ina shiga. Innarmu ba ta taɓa ganin farkon sujadar Kirsimeti ba.

A ƙauyenmu, can wajen Kwandiko a ƙasar Gwaram, gidanmu ne kaɗai na Kirista a unguwar. Da Sallah kwanukan abinci ke shigo mana har mu rasa wurin ajiyewa, da Kirsimeti kuma mu ke ramawa. Ba doka ba ce, amma in ba ka rama ba, da wane ido za ka dubi mutane? Akuyar kuwa ba ma yankawa da kanmu. Malam, maƙwabcinmu na jikin katanga, shi ke zuwa da wuƙarsa ya yi bisimilla ya yanka, don kowa ya ci hankalinsa kwance. Tun zamanin Baba da safiyar ranar ake yi. Daga yanka sai fiɗa, sai wanke kayan ciki, sai ɗora tukunya. Cocinmu kuma yana wani ƙauye gaba da namu, tafiya ce mai ɗan nisa. Baba ya tasa mu gaba mu tafi, Inna ta tsaya. In ta taki sa'a takan iso ana addu'ar rufewa, tana ƙaurin hayaƙi, ta tsaya daga baya ta ce amin tare da jama'a.

Ba a cikin addinin aka haife ta ba, aure ne ya kawo ta, amma ta fi mu duka riƙo. Ba ta iya karatu ba, sai dai in ka ɓata aya nan take za ta gyara maka. Lahadi ba ta wuce ta har sai da gwiwoyinta suka ƙi tafiyar. Ranar haihuwar Mai Cetonta ce kawai take ƙarewa tsakanin murhu da turmi, mu kuwa ba mu taɓa ganin aibun hakan ba, don shinkafar tana da daɗi.

Bayan rasuwar Baba ne idona ya buɗe. Na je gida wajen ƙarshen kaka, ina auna mata riga, sai ta ce mini, kamar zancen banza, "Auta, wai har yanzu ana yin wasan makiyayan nan a coci? Ku kuke ba ni labari." Na tsaya riƙe da tef ina kallon ƙeyarta da ta yi fari fat. Kunya ta kama ni, sannan fushi ya biyo baya, ban ma san da wa nake fushin ba.

Mu biyu muka rage mata, ni da Yaya. Yaya ma'aikaci ne a wani ofis a Birnin Kudu, yana da mota, yana kuma da baki. In Yaya ya yi maka alkawari sai ka ji kamar har an cika. Da ya zo shagona na zaunar da shi na faɗa masa abin da nake so, ban rage komai ba. Bana ba baƙi, ba hidimar safe. Ni zan je gida da wuri in gama komai tun jajibere. Shi nasa ɗaya ne, ya zo da mota da safe ya ɗauki Inna zuwa coci, tunda ba ta iya hawa babur, ta taɓa faɗuwa ta rantse ba ta ƙarawa.

Ya dafa ƙirji. "Haba Auta, wannan har wani abu ne? In Allah ya yarda Inna sai ta riga fasto shiga."

Na ce, "Yaya, na san ka fa."

Ya yi dariya ya ce ni dai ban taɓa yarda da kowa ba, shi ya sa nake auna mutum sau biyu.

Tun farkon Disamba na daina karɓar ɗinki. Matan zumunta suka yi ta surutu, wata ta ce girman kai ya shige ni, wata ta kwashe atamfarta ta kai wa wani tela, har yau ba ta dawo ba. Ban damu ba. Na rufe shago na tafi gida saura mako guda.

Ban taɓa yin mako irin wannan ba. Da safe mu tsince shinkafa, mu daka yaji, ba mai kora mu. Da la'asar mu shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya in karanta mata labarin haihuwar Yesu daga littafin Luka, a hankali, tana tare ni tana tambaya. Ta fi damuwa da Maryamu. Ta ce mace da tsohon ciki a hanya, a garin da ba ta da kowa, wa ya dafa mata ruwan zafi? Na ce ba a rubuta ba. Ta ce ai maza ne suka rubuta. A makon nan na gane cewa na daɗe ina yi wa Kirsimeti bauta ba tare da na zauna da Mai ranar ba ko sau ɗaya.

Maƙwabta ba su ba ni wahala ba ko kaɗan. Na shiga wurin Hajiya, matar Malam, ina kame-kame, na ce bana kwanuka sai da yamma za su fito. Ta ce, "Ke Auta, yunwa muke ji? Ku kai baiwar Allah ta yi ibadarta. Mu ma ai ba ma fashin Idi don tuwo." Ranar jajibere Malam ya zo ya yanka akuya. Na soya nama, na haɗa miya, na yi cincin, na jiƙa zoɓo, na wanke shinkafa na rufe. In mun dawo dafa shinkafar kawai ya rage.

Da gari ya waye Inna ta riga ni tashi. Ta yi wanka, ta sa rigar da na ɗinka mata, ta ɗaura ɗankwali ta kwance ta sake ɗaurawa. Har kwalli ta zizara. Ta fito zaure ta zauna da sandarta a kan cinya, ta ce ba ta so a ce ita aka jira.

Rana ta fara ɗagawa, babu Yaya. Na kira wayarsa ba ya ɗauka. Na leƙa hanya, na dawo, na sake leƙawa. Inna kuwa sai gyara bakin ɗankwali take yi.

Da motar ta iso, tun daga nesa na ga ta yi ƙasa saboda nauyi. Mutane ne cike, manyan riguna da huluna, abokan aikinsa. An ɗaure kujerun roba a sama. Yaya ya fito yana fara'a, ya buɗe bayan mota, sai ga rago a ɗaure yana numfashi. Matarsa ba ta zo ba, wai ta tafi gidan iyayenta da yara.

"Inna, barka da Kirsimeti! Ga abokaina na kawo miki, kullum ina ba su labarin girkinki."

Bayin Allah suka durƙusa suka gaishe ta da ladabi, suna sa mata albarka. Ba su san komai ba. Na ja Yaya gefe na ce, "Coci fa?" Ya ce in kwantar da hankalina, abin ne ya zo bagatatan, jiya jiyan nan suka matsa masa, ya rasa yadda zai yi. Motar za ta je Gwaram ta ɗauko ogansu ta dawo, daga nan sai a kai Inna. Na ce kafin nan an tashi. Ya ce, "Auta, ki gane mana. Ana maganar ƙarin girma a ofis. Coci ai yana nan, baɗi ma rana ce."

Na kusa yarda cewa abin ya zo masa bagatatan. Yaya mutum ne da ba ya iya cewa a'a, na san wannan tun muna yara. Ina cikin lallashin zuciyata sai ga Malam ya yi sallama, riƙe da wuƙa an wasa ta tana ƙyalli. Ba wanda ya aika a kira shi.

Na ce, "Malam, ina kwana. Ai jiya an yi yankan."

Ya ce, "An yi na akuya. Na rago na zo yi. Ai tun kafin ki iso garin nan yayanki ya yi mini waya, ya ce kada in je ko'ina da safiyar yau, zai zo da manyan baƙi." Ya dubi fuskata, ya dubi Inna da ke zaune cikin ado, sai muryarsa ta canza. "Subhanallahi. Na zaci kin sani. Jiya ma na yi mamaki, na ce gidan nan bana yanka biyu."

Na juya na kalli Yaya. Yana can yana sauke kujeru, ya ba mu baya, alhali ya ji komai. Wato lokacin da nake rufe shago, lokacin da nake shan maganganun mata, lokacin da yake kirana yana tambaya ko Inna na murna, ya riga ya shirya. Bai manta ba, bai kuma makara ba. Ya auna uwarsa da ogansa ne, ya ga wanda zai yi haƙuri. Da maƙiyi ne ya yi mini haka da tuni na warke. Wanda muka sha nono ɗaya da shi ne, ya san abin da ranar take nufi, shi ma ya sha ganinta tana shigowa ana rufewa.

Malam ya yi ƙasa da murya ya ce ko ya nemo wata motar a bakin hanya? Na ce wa Inna ta tashi, ni zan tsaya in yi girkin, ita ta tafi. Ta girgiza kai.

"Baƙin ɗana suna gidana, in sa ƙafa in fita? Rago guda, ke kaɗai?"

Na ce, "Inna, don Allah."

Ta dafa sanda ta miƙe, ta shige ɗaki. Da ta fito tsohon zaninta na aiki ne a jikinta. Kwallin dai yana nan a idonta.

Malam ya yanka ragon. Hajiya ta shigo da tukunyarta da itace, ta zauna tana wanke kayan ciki tare da mu. Ogan ya iso, aka yi ta shewa a ƙofar gida. Yaya ya leƙo sau biyu yana tambaya ko akwai sauran yaji. Ban ɗaga kai ba, don in na ɗaga zan faɗi abin da ba a faɗa ranar haihuwar Almasihu.

Da damina ta gaba ciwo ya kwantar da Inna, ɓarin jikinta ya shanye. Tana ɗakina yanzu a Birnin Kudu, coci yana bayan layinmu, amma ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta. Yaya ya sami ƙarin girmansa. Yana zuwa duba ta, yana kawo lemo da madara, ina gaishe shi yadda ya kamata. An koya mini in yafe, ina kuma roƙon Allah ya ba ni ikon yi, amma ba zan yi ƙarya in ce na kai ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba fuskar Yaya ba ce. A ranar, muna tsugune a bakin murhu, hayaƙi na shiga mana ido, Inna ta ɗaga kai ta dubi rana. Ta ce, "Yanzu dai sun fara ko?"

Na ce sun daɗe da farawa.

Ta ci gaba da juya nama. Can sai ta matso kusa da ni, ta rage murya don kada Hajiya ta ji, kamar mai jin kunyar tambayar.

"Auta, wai da me ake farawa? Waƙa ko addu'a?"

Na ce waƙa, Inna, a tsaye, kowa da kowa.

Ta gyaɗa kai. "Na yi tsammani," in ji ta. Sannan ta ce in ƙara itace, baƙi na jira.