Baba Habu da Keken da Ba Ya Ƙara

"Ya ƙi tashi," in ji Baba Habu, yana ta murɗa makulli.

"Baba, ai a tashe yake," in ji Nura. "Murza hannu kawai."

Ina zaune a baya, a tashar Rano. Nura ne ya kawo sabon Keke Napep mai caji, na wani Alhaji da yake wa aiki, ya ce dattijon tasha ne zai fara ja saboda albarka. Baba Habu kuwa tun yana ɗan acaɓa yake kai mu Kibiya, ga shi yanzu tsadar fetur na neman zaunar da shi a gida.

Nura ya zauna gefensa, muka sulale shiru. Ni da nake ganin na gama kallon duniya a waya, sai ga ni baki buɗe. Har kaɗawar ganyen dawa nake ji.

Baba Habu ya rage gudu. "Malama, ashe akwai tsuntsaye a hanyar nan?"

Can ya tambayi kuɗin keken. Nura ya faɗa a hankali, kamar mai sanar da rasuwa.

"Ko na haɗa tsohon kekena da gonata ta Tarai?"

"Ba za su kai ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To kar ka karɓi keken tukuna. Bar ni in kai Kibiya."

Haka ya yi ta jan mu a hankali har muka isa.

Ku da kuke ce mana keken nan mai caji sauƙi ne ga talaka, ta wace ƙofa su Baba Habu za su shiga?