Ƙahon Ammu Salih da kwana ɗaya da ya rage

Har gobe ban manta da ranar da na hana Ammu Salih awo a gaban baƙinsa ba. A lokacin wata uku ke nan da samun takardata ta mai auna ƙaho, ina aiki a wani shago a unguwar Sharafiyya inda ake gyara fatu da kawunan namun farauta.

Ga yadda aikin yake. Mafarauci kan dawo da ƙahon barewar ƙasashen sanyi, mai rassa kamar bishiya. Da siririyar waya ta ƙarfe muke bin tsawon kowane reshe, mu auna kauri, mu tara maki, mu aika wa masu littafin bajintar mafarauta. Amma sai ƙaho ya kwana sittin yana bushewa, don ɗanye yakan ɗara busasshe. Mai awon da ya yi gaggawa, a watsar da takardar makin, shi kuma a ƙwace izininsa.

Ammu Salih ɗan kwangila ne, haifaffen unguwar Karantina, abokin mahaifina, shi ya sa nake ce masa Ammu, wato baffa da Larabci. Shekara goma yana neman sunansa ya shiga littafin nan. Da ya kira ni gidansa, na tarar an yanka rago, falo cike da mutane, ga ƙahon a kan tebur. Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba.

Na buɗe takardar farauta, na ƙirga kwanakin, na sake ƙirgawa. Hamsin da tara. Ashe da watan Hijira ya yi lissafinsa: wata biyu cif, amma ɗayan mai kwana ashirin da tara ne.

"Ammu, sai gobe," na ce.

"Gobe? Ya waladi, ɗana, ka ga mutanen nan kuwa? Yalla, maza auna yau, ka rubuta kwanan gobe, halas, shi ke nan."

"Ammu, ƙahon nan a bakin iyakar makin shiga littafin yake. Idan ya haye yau, har abada ba za ka san ko da gaske ya haye ba."

Ya daɗe yana hararata. Aka ci rago, aka watse.

Washegari bayan la'asar na koma, daga ni sai shi. Na bi reshe bayan reshe, yana tsaye a kaina yana ta salati. Na tara makin sau uku. Ya haye da kashi biyu cikin takwas na inci! Tsohon nan ya daka tsalle har hularsa ta faɗi, ya rungume ni, ni ma ihu nake kamar ni na harbo.

Tun ranar na gane mafarauci ba lamba yake nema a wurinmu ba, shaida yake nema. Har yau in ya yi baƙi, bai cika nuna musu makin ba. Kwanan watan yake dangwala wa yatsa, ya ce, "Sittin cif. Ku tambayi wannan mai taurin kan."