Goran Achar Surukata

Jiya malaman gona suka zo daga Kafanchan neman tsohon irin acha mai nuna da wuri. Wai za su gyara shi ya ƙara auki, yara su daina ramewa da damina. Sai na tuna surukata.

Cikin babban gora take ajiye irinta, ta rataye saman murhu har ya yi baƙi da hayaƙi. Wata shekarar yunwa na ce, "Mama, mu ɗiba kaɗan mu yi gwate." Ta buge mini hannu ta ce, "'Yata, wannan abincin baɗi ne."

Ranar da ta rasu, 'ya'yanta manoman masara suka ce abinci ya kasa. Suka fasa goran, aka surfa, aka dafa wa 'yan makoki.

Jiya wan mijina ne a gaba, yana washe haƙora yana gaya wa malaman, "Ai mahaifiyarmu tana da shi."

Na ce, "Tana da shi, Yaya. Har ƙari ka nema."

Ubangiji ya ba ki hutawa, Mama. Ya sa wata tsohuwa ta rataye nata inda hannun 'ya'yanta bai kai ba.