Virgil Haskins, Mutumin da Aka Ce Ya Kashe Injin Odell

Ƙarfe bakwai na safe Virgil Haskins yake ɗaga ƙofar garejinsa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ƙofar tana ƙugi har ƙarshen layinmu, shi kaɗai ne ba ya jin ta. Sai ya ɗora kofi, ya shimfiɗa tsumma a kan tebur, ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba, ya ajiye doguwar sukudirebarsa mai jan mariƙi a gefe. Daga nan ya ja kujera bakin ƙofa ya zauna yana kallon titi. Shekara guda ke nan babu wanda ya kawo masa ko da injin yankan ciyawa. Da yamma ya tattara kayan ya mayar, gobe ya sake jerawa.

Ni na raba wasiƙu a wannan layi na garin Flint, a Amurka, shekara talatin da ɗaya, don haka kada wani ya ce zai faɗa mini waye Virgil. Lokacin da na fara, gidaje ashirin da shida ne a layin, kowanne da mota a ƙofa, kowace Asabar bonet a buɗe. Yanzu tara ne ke da mutane. Sauran an rushe, ko ciyawa ta cinye. Tun da aka rufe masana'antar injuna inda Virgil ya yi shekara talatin, garin yake ta zubewa, mu kuma muna zaune muna kallo.

A wancan zamani ba a kai mota gareji sai Virgil ya saurare ta. Yakan ɗora bakin sukudirebar a jikin inji, ya manna mariƙin a kunnensa, ya rufe ido. Can sai ya ce, "Fistin na shida ne," a buɗe a tarar haka ne. Motar fasto ya tayar ana saura awa guda ɗaurin aure. Wata nas da ke fita aikin asuba ta shekara biyu ba ta san shi ne ke zuwa ya tayar mata da mota ta yi ɗumi ba, ita tana cewa batirinta ne mai kyau. Ladansa bai wuce farantin soyayyen kifi da burodin masara ba, shi ma sai an yi masa dole. Kunnen unguwa muke ce masa. To, kunnen ne masana'anta ta cinye. Da ji ya ƙi, sai ya koma ciza mariƙin sukudirebar da haƙora, motsin inji ya bi ta ƙashin haɓarsa. Hannun dama kuma ya soma rawa. Shekararsa saba'in da uku.

Amininsa shi ne Odell Whitlock, gida na huɗu daga nasa. Tare suka shiga masana'anta, tare aka sallame su. Odell yana da baƙar mota Chevelle ƙirar 1970, wadda Virgil ya haɗa injinta da hannunsa. Da kuɗin sallama Odell ya sayo sufacaja, abin da mu nan muke kira zugazugi, don aikinsa ke nan, ya hura wa inji iska da ƙarfi har ya ninka guduwa. Kwalaye uku suka iso. Odell ya ce sai bazara. Bazara shida ta wuce kwalayen suna gareji, sai ciwon huhu ya kwantar da shi. A watan Oktoban bara asibiti suka ce babu sauran abin yi, aka kawo gado aka kafa masa a falo, jikin tagar da ke kallon ƙofar gida.

Ina wurin ranar da Virgil ya shiga gaishe shi.

"Kai kurma," in ji Odell, "kallon gawa ka zo?"

"Me ka ce?"

"Na ce kullum ƙara muni kake yi!"

"To ai gara ni, ina tsaye da ƙafafuna."

Odell ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa Bernice ta ba shi ruwa tana hararar mu. A wurinmu, idan mutumin mota ya mutu, abokansa sukan zo ƙofar gidansa su danne birki, su taka totur, tayoyin baya su yi ta juyawa a wuri ɗaya har hayaƙi ya rufe layi. Ita ce bankwanarmu. Da numfashin Odell ya dawo, maganar da ya yi ke nan.

"Me zai amfane ni in kun ƙona taya ina cikin akwatin gawa? Ka ɗora wa Chevelle zugazugin nan, Virgil. Ina so in ji kukansa da kunnena, in shaƙi hayaƙin tayarta."

"Da wane huhun?" in ji Bernice. "Haba, Odell, ka ji tsoron Allah!"

"Da ragowar, uwargida."

Virgil ya dubi hannunsa mai rawa, ya cusa shi a aljihu. Ya ce, "Ba ni mako guda."

Kwana tara ya yi. Ni ke riƙe masa tocila, don ban san komai a mota ba sai tuƙi. Ya cire kabureta da duk abin da ke saman inji, ya kankare wurin tas, ya shimfiɗa gasket, faifan da ke hana iska tsira. Mu biyu muka ciccibi zugazugin muka ɗora, bayana bai yafe mini ba har yau. Notunan yakan ɗaure daga tsakiya zuwa waje, kaɗan-kaɗan, zagaye uku. Akwai noti ɗaya da ya faɗi sau huɗu daga hannunsa. A na biyar ya kama wuyan hannun dama da na hagu ya saka shi, ni kuwa na yi kamar ban gani ba. Ya ja bel mai faɗin tafin hannu, ya matse bakin filogi takwas ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya yanke rami a bonet don kan zugazugin ya leƙo, bonet ɗin da Odell ya shekara talatin yana gogewa, sai muka ji murya ta taga: "Ka yanka min ita a karkace, in tashi in yanka ka!"

Man da ke tanki ya shekara shida, Virgil ya tsiyaye shi kaf. Ran kwana na takwas ya miƙa wa Bernice jarkoki biyu ya ce, "In kin fita, ki ciko mana mai." Iyakar abin da ya ce ke nan. Wanda duk ya taɓa riƙe sifana ya san zugazugi ba ya shan fetur sai mafi tsada, domin mai arha yana kama wuta kafin lokacinsa idan an matse shi, ya riƙa dukan fistin har ya fasa. A wurin Virgil wannan ba abin faɗa ba ne. Ya manta Odell bai taɓa barin matarsa ta zuba wa Chevelle mai ba. Ita kuwa mace ce da ta raini 'ya'ya uku ta hanyar tsayawa a famfon man da ya fi arha.

Ran kwana na tara da hantsi muka turo motar ƙofar gida. Tashi ɗaya ta yi. Virgil ya sa ni a kujerar direba, ya ce in sa giya, in danne birki, in taka totur kaɗan. Shi kuma ya ɗora sukudireba a jikin inji ya ciji mariƙin. Na taka. Ni ban ji komai ba sai daɗi. Shi na ga fuskarsa ta canja, ya ɗaga hannu, na saki.

Ya taka zuwa baranda inda Bernice take tsaye. "Ƙanwata, wane mai kika sayo?"

"Wanda nake saye kullum mana. Akwai matsala ne, Yaya Virgil?"

Ya daɗe yana kallonta. Ta yi wata uku ba ta yi barcin kirki ba, rigar da ke jikinta ma a baibai take. Ya ce, "Babu. Ya yi."

Ya dawo ya ce mini a hankali, irin a hankalin kurma, sai mun tsiyaye tankin mun sayo wani, aikin awa biyu ne. Bai rufe baki ba nas ɗin da ke jinyar Odell ta fito. Ta ce ya farka, yana tambayar mota, kuma ita a ganinta wannan farkawar ba za a sami wata bayanta ba. In akwai abin da za a yi, yanzu ne.

Virgil ya tsaya ya dafa motar. Injin nan shi ya haɗa shi, kowane fistin ya bi ta hannunsa. Shekara hamsin yana taɓa injuna, ko ɗaya bai taɓa bugawa a hannunsa ba, kuma wannan suna shi ne kaɗai abin da ya rage masa a duniya: ba mata, ba ɗa, ba aiki, ba kunne. Ya san sarai abin da man nan zai yi. Na ce masa to bari in taka, ai ni ke zaune. Ya buɗe ƙofa ya ce, "Fito. Ƙafata ce za ta taka."

Aka buɗe tagar falo, aka ɗaga kan gadon Odell. Virgil ya danne birki ya nitsa totur. Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba! Zugazugin ya ɗauki wani siririn kuka yana hawa, yana hawa, injin na ruri a ƙarƙashinsa, tayoyi suka ɓace cikin farin hayaƙi. Gidaje taran nan duk suka fito. Ta cikin hayaƙin na hango Odell ya ɗaga hannu ɗaya sama, bakinsa a buɗe, Bernice ta rungume kansa tana kuka tana dariya. Virgil yana jin dukan a sitiyari, a ƙafarsa, a haƙoransa. Bai ɗaga ba. Idonsa na kan taga, kuma muddin hannun nan yana sama ƙafarsa tana ƙasa. An kusa minti biyu. Sai muka ji ƙara kamar an jefa guduma cikin tukunya, baƙin mai ya malalo kan siminti, komai ya yi tsit.

Odell ya rasu da la'asar. Nas ta ce maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Kun ji ta?"

To, ga inda raina yake ɓaci. Akwai wani Darnell mai garejin zamani a bakin babban titi, wanda ba ya sanin ciwon mota sai ya jona mata kwamfuta. Yana cikin 'yan kallo, ya ɗauki abin a waya. Kafin a binne Odell hoton ya zaga gari. A shagon aski ana ta shewa: "Tsoho ya kashe inji! Wa ya ce kurma ya saurari mota?" Darnell ya tare shi a harabar coci ya ce, "Baba Virgil, da ka kira ni ai. Me ya faru ne?" Virgil ya ce, "Laifina ne. Ban saita daidai ba." Na buɗe baki, ya take mini ƙafa. Daga baya ya ce mini, "In ka faɗa, matar nan za ta mutu tana cewa ita ta kashe motar mijinta. Ka bar ni da shi." Mutanen da ya shekara arba'in yana kwanciya ƙarƙashin motocinsu kyauta, a mako guda suka gama da shi. Ba su zage shi ba, da ma zagin ne da sauƙi. Daina zuwa kawai suka yi.

Na yi shiru shekara guda, kuma ina jin kunyar wannan shirun. Abin da ya buɗe bakina shi ne, watan jiya Bernice tana haɗa kaya za ta koma wurin 'yarta a Georgia, sai ta ci karo da takardar da ta zo cikin kwalin zugazugi. A shafin farko, da jan rubutu, an faɗi irin man da ake zubawa. Ta zo gidana da takardar a hannunta. Ta ce, "Ka sani?" Na ce na sani. Ta zauna ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce, "Ka rubuta. Ka sa sunana. Ba zan bar garin nan ana yi wa bawan Allah dariya a kaina ba."

Virgil, kai ne ka ji ciwon injin da haƙoranka tun kafin kowa ya ji, kuma ka taka. Kai ne ka ɗauki sunan da ka shekara hamsin kana ginawa ka ƙone shi a ƙofar gidan amininka, don ya tafi da abin da ya roƙa, ka kuma ɗauke wa matarsa nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Mun gode. Ban san ko godiyar tana da amfani yanzu ba, amma mun gode.

An saba a rufe irin wannan rubutu da kira ga matasa su yi koyi. Waɗanne matasa? Sun tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Babu wanda ya koyi sauraron inji a wurinsa, ranar da ya tafi abin ya tafi ke nan. Hannun ma likita ya ce rawar ƙaruwa za ta yi. Roƙona ƙarami ne: ku da kuka rage, ku kai masa wani abu ya gyara, ko da fanka ce, tun yana iya riƙe sifana. In kuma wata rana aka ba ku zaɓi tsakanin sunanku da mutum, ku tuna akwai wanda ya zaɓa a layinmu.

Bernice ta bar masa Chevelle, tana cikin garejinsa da mataccen injinta. Jiya na je na karanta masa wannan takarda, ina ihu a kunnensa na hagu. Ban san nawa ya ji ba. Da na gama ya daɗe yana juya sukudirebar a hannunsa.

"Ka rubuta cewa Odell ya ji ta?"

Na ce na rubuta.

"To sauran duk surutu ne," in ji shi. Ya mayar da sukudirebar wurinta a kan tsumma, ya ci gaba da kallon titi.