Fuskar Rifkatu

Har yau ban manta da ranar da Madam ta aike ni Kagoro ba, a damunar 1991, ina sabuwar ma'aikaciya a shagonta na gyaran gashi da fuska a Kafanchan. Cewa kawai ta yi, "Ɗauki tawul da auduga. Maman Rifkatu tana nemanki."

Rifkatu 'yar ƙungiyar mawaƙan coci ce, duk wata takan zo in cire mata baƙaƙen ɗigon da ke cika mata hanci. Ku sabbin shiga, ku sani abin nan ba datti ba ne. Maiƙon jiki ne ke toshe ƙofofin fata, iska ta baƙanta bakinsa. Akan turara fuska da ruwan zafi ta yi laushi, a naɗe yatsu da auduga, a matsa a hankali, ban da farce.

Na tarar da benci jere a tsakar gida, mata zaune shiru. Uwar ta ja ni ɗaki. Ga Rifkatu kwance cikin farar riga, an haɗa mata hannuwa a ƙirji.

"Da rana za a buɗe akwati a coci, kowa zai gan ta," in ji uwar. "Ba ta taɓa yarda a ga hancinta haka ba, 'yata."

Na kasa cewa a'a. Na ɗora tawul mai zafi, nan take ya huce. Na ɗan matsa gefen hancin, na tsaya jiran fatar ta yi ja kamar kullum. Ba ta yi ba. Gurbin yatsana ya zauna a wurin, ya ƙi tasowa. Sai na gane in na ci gaba, da tabon hannuna za a binne ta.

Na ce, "Mama, ba zai fita ba. In na matsa, zan ɓata ta."

Uwar ta sunkuya kusa da kunnen Rifkatu. "Kin ji ko? Yau hoda kawai za a sa miki."

Na shafa hodar a hankali har ɗigon suka ɓace. Sai da na gama na lura tun ɗazu ina ta ce wa Rifkatu sannu.

Daga ranar na san rabin aikin nan ba mu ke yin sa ba. Mu matsawa kawai muke yi, fatar ce ke warkar da kanta. Shi ya sa in mace ta yi tsaki tana cewa na sa fuskarta ta yi ja, ba na jin haushi ko kaɗan.